Jirgin Da Ya Ƙi Juyawa Dama

Na ji dariyar da kuka yi ɗazu, kunnena bai mutu ba tukuna. Wani a cikinku ya ce gyaran tuƙin jirgin ruwa ai giris ne kawai, a matsa, a juya, a wanke hannu. Wani kuma ya ce ya ga yadda ake yi a waya, kafin shayi ya tafasa an gama. Madalla da ku. Ku da in moto ta ƙi tashi sai ku canza fulogi, in ta sake ƙi ku sake canza fulogi, in ta ƙi a karo na uku ku ce wa mai ita ya sayar.

Ba ku kuka fara yi mini dariya ba. Tun ranar da na rubuta "gyaran injin jirgi" a ƙofar garajina mutanen Ƙonni suke tambayata ko a gonar gero zan tuƙa shi. Sun manta da baraji, madatsar ruwan nan, sun manta da tabkunan da masunta ke kwana a bakinsu, sun manta cewa in damina ta kankama rafin Maggiya yakan raba ƙauye da hanya, mai ciwo da mai haihuwa su zauna suna kallon ruwa. Jiragen ba su da yawa, gaskiya ne. Amma mai gyaransu ya fi su ƙaranci, shi ya sa duk wanda ya yi mini dariya da rani yakan yi mini sallama da ladabi da damina.

Injin ban ruwa na fara koya. Wanda ya buɗe mini ido a kan jirgi wani Bazabarme ne, Hamani, da ya taso a bakin babban gulbi ya biyo masunta zuwa nan. Mutum ne marar fara'a, kuma bai yarda baki yana koyar da sana'a ba. Farkon zuwana bai ba ni ko sufana ba. Ya ɗaure inji a jikin katako, ya ce in rufe ido in kama hannun tuƙin, in kai shi hagu in dawo da shi dama. Haka na wuni kamar mai dama fura. In na ce ban ji komai ba sai ya ce in ci gaba. Da sannu hannuna ya fara rarrabewa: taurin busasshen giris daban, ƙaiƙayin yashi daban, cijewar ƙarfen da ya lanƙwashe daban. Busasshen giris yana riƙe ka ko'ina daidai. Yashi yana gurzawa, kana jin sa har a haƙori. Abin da ya lanƙwashe kuwa yakan bar ka ka wuce, sai ka zo wuri guda ya cafke ka.

Kayan aikin ba su cika jaka ba: sufanu, famfon giris, kananzir, tsumma, da wata siririyar waya da na lanƙwasa bakinta don leƙa inda yatsa ba ya shiga. Guduma ma tana ciki, amma ita ce ta ƙarshen fita, ba kamar ku ba da kuke gaisawa da inji da ita. Inji yana juyawa ne a kan wani sandan ƙarfe da ke cikin bututu, mu muna ce masa wuya. In tuƙi ya yi tauri, sai ka ɗaga injin daga ruwa ka juya shi da hannu. Ka sassauta notin da ke ƙara wa wuyan ƙarfi, don akwai masu ɗaure shi tamau wai kada injin ya faɗa ruwa. Ka tura sabon giris har tsohon ya fito baƙi. In jirgin mai sitiyari ne, ka cire wayar daga jikin injin ka gwada kowanne shi kaɗai, ka san wa ke da laifi kafin ka hukunta. In kuma jirgi yana ja gefe guda, ka duba ko an ɗaura injin a tsakiya, ka duba ƙasansa ko ya daki dutse.

Wani masunci daga wajen Illela ya taɓa kawo mini injinsa a kan amalanken jaki. Ya ce da safe ba ya juyuwa ko da mutum biyu, da rana kuwa sai ya saki kamar ba shi ba. Har ya yanka zakara a bakin tabki. Na buɗe wuyan, ƙamshi ya buge ni. Kitsen rago ne mutumin ya narka ya ɗura, yadda yake yi wa ƙafar amalankensa. Sanyin safiya ya daskarar da shi, rana ta narkar. Na wanke da kananzir, na ce masa lokaci na gaba ya kawo mini zakaran, kitsen kuma ya kai wa mai tuwo.

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, ita ce ta nuna mini iyakar wayona. Baraji ya janye har ana tafiya da ƙafa a tsakiyarsa. Jirage suka zauna a kan busasshiyar laka, awaki suna kwana a cikinsu. Masunta suka kama hanyar kudu, Hamani ya bi su bai dawo ba. Ni na koma gyaran injin niƙa, mata suna tsaye a kaina da ƙwaryar hatsi suna koya mini aikina. Na yi ta bin masu jirage ina roƙonsu su cire injinan su kai inuwa, su riƙa juya wuyan ko sau ɗaya a mako. Suka ce wanda ba shi da abin awo ba ya lallashin ƙarfe. Da gaskiyarsu. Da ruwa ya dawo, rabin injinan sun ƙage kamar an yi musu walda, wasu har yau suna bayan garajin nan kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Illa. Wani ƙauye ne bayan Dogarawa, ba sai na faɗi sunansa ba, wanda ruwa ke yankewa duk damina. Masu furoje, 'yan ƙungiyar agajin nan, suka ba su ƙaramin jirgin ƙarfe da inji, aka kafa komite, komite ya zaɓi Illa ya zama matuƙi. Manomi ne ɗan manomi, mai hankali, ba ya shan ko taba. Aka koya masa tayarwa da kashewa da zuba isansi, wato fetur, aka ja masa kunne kada ya kuskura ya kwance komai. Damina ta farko ya yi ta lafiya. A ta biyu jirgin ya fara gardama.

Mashigar ƙauyen tana da wuyar sha'ani. Ruwa na tura ka hagu, can kuma ƙaya ce da kututture, dole in ka kusa gaɓa ka karya dama da sauri. Jirgin Illa ya ƙi karyawa. Hagu yana zuwa da ɗan ƙoƙari, dama kuwa sai ya sa kafaɗa da gwiwa. Wata ranar kasuwa ya kasa, jirgi ya kutsa cikin ƙaya da mata da awakinsu, buhun albasa ya tafi, wata tsohuwa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Ba wanda ya mutu. Da aka gwada tuƙin bayan an jawo jirgin, ya jiƙe sharkaf, sai ga shi yana juyawa ba laifi. Shi ke nan magana ta fito: Illa yana shan ƙwayar tiramol. Ubansa Nomau, wani ƙaton tsoho mai faɗa, ya mare shi a gaban jama'a, ya ce ya zubar masa da mutunci. Komite ya karɓe jirgin ya ba Sale, ɗan ƙanen shugaban komite, ɗan kabu-kabu irinku, wanda shi ma ya ce tuƙin jirgi wasa ne.

Sale ya tashi da rana tsaka, jirgi ya sha rana a gaɓa, ya nufi ƙetare yana ɗaga wa 'yan mata hannu. Da ya dawo mashiga ya zo karyawa dama, inji ya ce bai san zancen ba. Ya daki gaɓa har haƙorinsa ya fita. Kuna tsammani za a ce ashe Illa ya yi gaskiya? Ba ku san mutane ba. Aka ce Illa ya yi wa jirgin sammu don an karɓe masa. Ɗan ƙwaya na jiya ya zama mai asiri yau. Aka daina amsa masa sallama, aka fara maganar kai shi gaban mai gari a kore shi daga ƙauyen.

Shi da kansa ya zo garajin nan. Kafaɗarsa ta kumbura, hannun ba ya ɗaguwa sama da kai.

"Baba, ka zaka ka duba," ya ce. "Wallahi jirgin na, ba ni na ba. In kac ce ni na, in bar musu garin."

Na tambaye shi yaushe ya fi tauri. Ya ce in jirgin ya daɗe a gaɓa cikin rana. In ruwa ya fantsama masa kuwa yakan ɗan saki. Wannan ta ɗaure mini kai. Giris rana ke sassauta shi, ƙarfe kuma bai damu da jiƙa ba. Abin da rana ke ƙara wa tauri, ruwa ya lausasa, ban taɓa ganinsa a cikin inji ba.

Da muka isa, ƙauyen duka ya biyo mu bakin ruwa. Shugaban komite yana gaba da babbar riga, Sale na gefe da leɓe a kumbure, Nomau can baya ya juya wa ɗansa ƙeya. Na ɗaga injin na juya. Hagu da nauyi, dama ya tafi rabi ya cije. Na sassauta noti, ba canji. Na tura giris har sabo ya fito, ba canji. Na duba ƙasa, lafiya lau. Jama'a suka fara gunaguni, wani ya ce ai an faɗa, wannan ba aikin sufana ba ne. Na rufe ido na sake juyawa. Cijewar ba ta ƙarfe ba ce, tana da ɗan laushi a ƙarshe, kamar ka taka busasshen takalmi.

Na kwanta a cikin laka na leƙa ƙarƙashin kan injin, inda wuyan ya haɗu da jiki. Akwai wani baƙin zobe da na ɗauka roba ce tun farko. Amma injin irin wannan ba shi da roba a wurin. Na sa wayata na ƙwaƙula, na kankare laka da baƙin mai, sai ga ƙulli. Ƙiri ne, igiyar ɗanyar fata irin wadda manoma ke ɗaure ƙotar hauya da ita. An naɗa ta tana jiƙe, ta bushe ta matse, kowace rana tana ƙara shigewa cikin tsagin. Na yanke ta na jawo, wata 'yar laya ta biyo, ta baje kamar an taka ta. Ita ce ke tokare dama. Na tura hannun tuƙin da ɗan yatsa, injin ya juya har ƙarshe.

Na ɗaga layar sama ina murmushi, ina jiran a ce sannu da aiki.

"Kun gani!" in ji shugaban komite. "Sammu na! Mi munka hwaɗa muku? Ga shi an hiddo a gaban kowa!"

Wuri ya kaure. Na ce su tsaya, su dubi yadda fatar ta goge ƙarfen har ya yi sheƙi, wannan ba ɗaurin jiya ba ne, ya kwana biyu ƙwarai, tun kafin a karɓe jirgin. Ba wanda ya saurare ni. Shugaba ya ce to ashe tun farko ya shirya mugun nufinsa. Sale ya cakumi wuyan rigar Illa. Shi Illa ko motsi bai yi ba, yana kallon layar kamar an nuna masa maciji a cikin aljihunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gyara jirgi, na ƙarasa mai jirgi.

Sai na ga mutane suna darewa. Nomau ne ya taho, bai dubi kowa ba, ya miƙo mini hannu. Na sa masa layar a tafi. Ya juya ta, ya shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Sake shi," ya ce wa Sale. Sale ya sake. "Ni aɗ ɗaura ta."

Ya dubi jama'a ya ci gaba.

"Ranad da anka ba shi jirgin ga na ɗaura ta, da hannuna. Mu ba mutanen ruwa ba na. Kakanmu bai shiga ba, ubana bai shiga ba, ni ko rijiya ba ni leƙawa. Anka ɗauki ɗana anka aza bisa ruwa, ƙaƙa zan yi? Na nemo mai tsari. Anka ce in sa inda ido ba ya gani, kuma in na hwaɗa ma wani ta mutu. Ban san tana kama ƙarhe ba."

Ba wanda ya yi musu. Duk ƙauyen ya san Nomau ya fi kowa zagin Illa a kan ƙwaya, ba zai ƙirƙiro wa kansa wannan kunyar don wasa ba. Shugaban komite ya shiga gyaran hula, ya ce ai dama shi bai taɓa yarda da zancen ɗari bisa ɗari ba. Mutanen da suka daina amsa sallama suka fara cewa Illa yaron kirki ne tun yana ƙarami. Ban ga wanda ya nemi gafararsa ba. Uban ma bai nema ba, irin su ba su iya ba. Ya dai tsaya yana kallon kumburarriyar kafaɗar, bakinsa na motsi.

Na ce a gwada jirgi, kuma wanda ya san shi ya gwada. Illa ya shiga ya tayar da inji. Kafin ya tura, sai ga Nomau ya tattare riga ya taka ruwa.

"Baba, ina za ka?" in ji Illa.

"Na kashe ta da bakina," ya ce. "Wa zai tsare ka yanzu? Matsa."

Ya zauna dab da ɗan, ya damƙi gefen jirgi da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙe bakin rigar Illa, ya runtse ido. Suka ƙetare suka dawo. A mashiga Illa ya karya dama da yatsu biyu, jirgi ya kwanta a gaɓa kamar an ajiye shi da hannu. Aka mayar masa da aikinsa a wurin, Sale ya koma kan motonsa inda ya fi ƙwarewa wajen faɗuwa.

Kafin damina ta ƙare Illa ya sake aiko mini, wai jirgi yana ja gefe guda. Na je na tsaya a gaɓa na hango su suna tahowa, jirgin a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi ɓari ɗaya. Ban buɗe jaka ba. Nomau ne zaune a wurinsa na ranar farko, ido a rufe, hannu a rigar ɗansa. Ashe tun daga ranar bai bar jirgin ya tashi ba shi ba. Ya bar wa ƙannen Illa gona, da asuba yana bakin ruwa, kuma har lokacin bai daina tsoro ba. Na ja Illa gefe na ce ya mayar da tsohon tsakiya.

"Na gwada, Baba. Ya ce daga can hannunshi ba ya kai gare ni."

Na sa aka cika buhu da yashi, muka yi ta ragewa muna ƙarawa har ya yi daidai da nauyin Nomau, muka ajiye a ɗaya gefen. Jirgi ya miƙe. Wannan gyaran ba ya cikin wayarku, kuma Hamani ma bai koya mini shi ba. Damina bayan damina haka suke ƙetarewa, tsoho a gefe, buhu a gefe, in buhun ya ruɓe a sake wani.

Bara, bayan an yi sadakar bakwai ta Nomau, Illa ya fitar da buhun ya zazzage yashin a gaɓa. Ya zo nan ya gaya mini. Na tambaye shi jirgin fa, ya ce yana tafiya sak, ba abin da ya same shi. Ya zauna a bakin ƙofar nan har la'asar, bai ce in gyara komai ba.